Ajin Turanci na WhatsApp da na biya na shiga: ga yadda darasin adjective ya kasance

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da na saka a status cewa na gama ajin Turancin nan na WhatsApp ake ta min magana, wai ya ajin yake, ya ci kuɗinsa ko kuwa irin na 'yan karɓi ka gudu ne, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da maimaici. Ba zan faɗi sunan malamin ba ko na ajin, ba talla nake musu ba, ba su ba ni ko sisi ba, kuma akwai inda zan yi ƙorafi, bai kamata in taɓa wa bawan Allah kasuwarsa ba.

Ni dai kayan kicin nake sayarwa da abaya da dardumar sallah, duk a waya, kuma kwastomomina ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai na Legas akwai na Fatakwal, dole bayanin kaya ya zama da Turanci. Abin da ya kai ni ajin ke nan. Tsarinsu mai sauƙi ne, ka yi tiransifa ka tura risit a saka ka a guruf, malam ya turo odiyo da daddare bayan isha da hoton allo da ya yi rubutu da hannu, sai asaimen, washegari a buɗe guruf a yi tambayoyi. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, datan da nake ƙonawa a TikTok a wata ya fi shi. An yi noun an yi pronoun an yi verb duk lafiya, amma inda na ji kuɗina ya halatta shi ne wajen adjective, wato sifa, kalmar da ke siffanta suna, shi ya sa a kansa zan tsaya.

Farkon darasin gaskiya bai burge ni ba. PDF aka turo mai jerin ire-iren adjective, irin wanda muka haddace tun JSS muka manta: descriptive su tall, red, sweet, na yawa su some, much, many, few, na nuni this, that, these, those, na mallaka my, your, his, her, its, our, their, na tambaya which, what, whose, sai each, every, either, neither, sai waɗanda aka ciro daga sunan wuri ko ƙabila ake fara su da babban baƙi, Nigerian, Turkish, Chinese. Daga ganin misalan ka san kwaso shi aka yi daga intanet, wai snowy morning, mu da muke fama da zafin watan Afrilu. Abu ɗaya da na tsinta a nan shi ne malam ya ce littattafan nahawu na yanzu da yawa ba sa ƙirga su this da my da some a cikin adjective, determiners suke ce musu, littattafanmu na makaranta ne suka haɗa su wuri ɗaya, don haka kada mutum ya ga saɓani ya rikice. Ban da wannan, jerin nan ba zai gyara wa kowa jimla ko ɗaya ba, ni a ganina ɓata lokaci ne a sa mutum ya haddace shi.

Da ya ajiye PDF ɗin ya koma bayani da bakinsa ne abin ya fara daɗi. Ya ce mu fara da abin da muka sani, a Hausa sifa tana bin jinsi da adadi, sabon gida, sabuwar mota, sababbin kaya, farin zakara, farar kaza, fararen tattabaru. Turanci ba ruwansa da wannan, new ɗin nan guda ɗaya ce ko namiji ko mace ko dubu, new house, new car, new clothes, ba a ƙara mata s. This da that ne kawai suke sauyawa su koma these da those. Sannan mu muna iya cewa farin gida ko gida fari, su kuwa kusan kullum sifar ce a gaba, sai dai in ta zo bayan aikatau irin is, look, taste, feel, misali the soup tastes good. Akwai ma waɗanda ba sa zama a gaban suna sam, asleep, afraid, alive, alone, za ka ce the baby is asleep amma ba a cewa an asleep baby, sai dai a sleeping baby. Wallahi duk shekarun da na yi a makaranta ba wanda ya taɓa ɗora min Turanci a kan Hausar da nake ji, ai lokacin yin Hausa a aji ma laifi ne, sunanka monita zai rubuta.

Sai babban abin, wato yadda ake jera su in sun taru a kan abu ɗaya. Wannan shi ne ya shafi sana'ata kai tsaye. Malam ya rubuta a allo: ra'ayi ne farko, sai girma, sai shekaru wato sabo ko tsoho, sai siffar abin ko zagaye ne ko mai kusurwa, sai launi, sai ƙasar da ya fito, sai abin da aka yi shi da shi, na ƙarshe amfanin abin, sannan sunan ya biyo. Kamar jeren ɗakin amarya ne, kowane kwano da mazauninsa, in ka sauya ba abin da zai fashe amma duk wadda ta leƙo za ta san ba gwana ce ta yi ba. Ya ce kowa ya ɗauki hoton wani abu a ɗakinsa ya siffanta shi. Ni tiren da nake sayarwa na ɗauka, na ajiye shi a kan kafet na haska da fitilar waya don babu wuta a daren, na rubuta a lovely small round silver serving tray, ina bin allon da yatsa ɗaya bayan ɗaya, lovely ra'ayi, small girma, round siffa, silver ƙarfen, serving amfani. Da safe na ga ya sa min alamar babban yatsa ya ce madalla Hajiya, amma kada ki riƙa tara biyar a bayanin kaya, Bature kansa da wuya ya wuce uku, ki zaɓi waɗanda za su sayar. Tun daga nan rubutuna ya koma gajere, long black Turkish abaya, soft blue prayer mat, shi ke nan sai farashi.

Ɓangaren kwatance kuma nan aka sha dariya. Mu da fi ɗaya muke gama komai, Audu ya fi Musa tsawo, ya fi kowa tsawo, magana ta ƙare. Su kuwa sai ka duba tsawon kalmar, gajera mai gaɓa ɗaya a ƙara er da est, tall taller tallest, in ta ƙare da baƙi ɗaya bayan wasali ɗaya a ninka baƙin, big bigger, hot hotter, mai ƙarewa da y ta koma i, easy easier, heavy heavier, dogaye kuma more da most, more expensive, most beautiful. Sai 'yan tawaye da ba sa bin doka, good better best, bad worse worst, little less least. Malam ya ce duk wanda ya sake rubuta more better a guruf ɗin nan tarar katin ɗari biyu ce, ba a yi minti goma ba wani Alhaji mai shagon taya ya turo odiyo ya ce Malam ai wannan bayanin naka is more better, guruf ya kaure da sitika. Ya kuma ja kunne a kan senior, junior, superior, inferior, kalmar Turancin nan to suke ɗauka ba than ba, he is senior to me, ba irin he senior me ɗin da muke ji a titi ba. Haka elder, a ce my elder brother, amma in za a sa than sai older.

Ƙanina da zai zana JAMB shi ya fi ni morar wannan wajen, a wayata yake saurara. Kun san Use of English dole ne ga kowa, tambaya 60 ce cikin 180, kuma ba kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ai maganar jami'a babu ita. Ya ce irin tarkon da yake gani a tsofaffin takardun jarrabawa ne malam yake warwarewa: few da a few, little da a little, wato a few friends kana da 'yan abokai, few friends kuwa kusan babu, much na abin da ba a ƙirgawa many na wanda ake ƙirgawa, a five-year-old boy ba years ba, the rich da the poor jam'i ne are suke ɗauka, sannan friendly, lovely, costly duk da ly ɗin da ke wutsiyarsu adjective ne ba adverb ba. Da kuma ed da ing, bored kai ne abin ya gundura, boring kai ne mai gundurar mutane. Wata baiwar Allah ta rubuta I am boring at home, malam ya ce a'a Anti kada ki yi wa kanki ƙazafi.

To yanzu ƙorafi. Na farko mutane sun yi yawa, WhatsApp yana ɗaukar har mutum 1,024 a guruf ɗaya kuma da alama so suke sai sun cika shi, malam ɗaya ne da admin ɗaya, ta ina zai duba asaimen ɗin kowa? Waɗanda suka riga turawa su ake gyara wa, in ka makara saboda girki ko sabis ya ɗauke sai dai ka duba gyaran wani ka kwatanta da naka. Wanda na yi a kan few da little har aka rufe ajin ba a taɓa shi ba, na yi wa admin magana ya ce in yi haƙuri za a duba, shiru kake ji. Na biyu in aka buɗe guruf sai gaishe-gaishe da barka da Juma'a da masu tallan turaren wuta, tambaya mai amfani ta nutse a tsakiya, sai ka yi ta gungurawa sama kana nema. Na uku odiyon ya cika tsawo, wani ya haura minti ashirin, ga ƙarar janareta a bayansa, kuma sai ya yi kusan rabi yana nasiha a kan muhimmancin neman ilimi kafin ya shiga darasi, mu da muka riga muka biya ai mun san muhimmancin.

Abin da ya fi damuna shi ne babu magana. A tallan sun rubuta za ka iya Turanci kamar ruwa, amma duk rubutu ne da saurare, ba a taɓa cewa mu yi kira mu yi hira da juna ba. Yanzu in na zauna na natsu zan jera adjective daidai a rubuce, amma kwastoma ta kira daga Legas tana zuba Turanci da sauri, lokacin tuna ra'ayi girma shekaru siffa launi babu shi, abin da ya zo baki shi nake faɗa. Wanda yake son gyaran rubutu ko yake shirin jarrabawa, musamman wanda bayanin Turanci da Turanci yake ba shi ciwon kai, ajin zai yi masa amfani sosai. Wanda kuma intabiyu ke gabansa yake son bakinsa ya saki, ya nemi inda ake zama gaba da gaba.

Satifiket ɗin da suka ce za a bayar ma sai da aka gama aka ce na kuɗi ne daban, hoto ne kawai za a turo maka ka je ka buga da kanka. Ban karɓa ba. Sun ce wata mai zuwa za a buɗe aji na biyu a kan tenses, na tura wa admin saƙo na ce kafin in yi tiransifa ya faɗa min mutum nawa za a saka a guruf ɗin kuma wa zai riƙa duba asaimen, ya karanta, alamar ta yi shuɗi, har yanzu bai ba ni amsa ba.