Wace manhaja ce za ta karanta maka rubutun hannu na Larabci?

Kafin ka zaɓi komai, ka duba irin takardun da ke gabanka. Haruffan Larabci 28 ne, yawancinsu suna sauya kamanni gwargwadon inda suka faɗo a kalma, kuma wurin da ɗigo ɗaya ya zauna, ƙasa ko sama, shi ke raba harafin ba da harafin nun. Idan marubuci ya ja ɗigo biyu suka zama gajeren layi, kamar yadda ake yi a ruƙ'a, salon rubutun hannu na yau da kullum, nan manhaja ke rikicewa.

Manhajar Tesseract kyauta ce, kuma tun sigarta ta 4 a 2018 take aiki da koyo mai zurfi, wato dabarar da kwamfuta ke koyo daga misalai masu yawa. Amma don bugaggen rubutu aka gina ta. A kan rubutun hannu kada ka ɓata lokacinka.

Google Cloud Vision ta fi sauƙin farawa: ka tura hoto, ta maido maka da rubutu, ka biya gwargwadon yawan shafukan. Tana iya wadatar da mai wasiƙu ko takardun ofis masu tsabta, sai dai hotunan za su bar hannunka su tafi kwamfutocin kamfanin. Mai riƙe da takardun sirri ya yi tunani.

Ga mai tsofaffin littattafai kuwa, ni dai Transkribus da eScriptorium kawai nake ganin sun cancanci a gwada, domin dukansu suna barinka ka horar da su da hannun marubucinka. Za ka kwafe wasu shafuka da kanka, layi bayan layi, manhajar ta koyi hannun, sannan ta karanta sauran. Wannan horarwar tana da muhimmanci, domin salon rubutu ya bambanta. A rubutun Magribi ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama. Manhajar da ta saba da salon rubutun naskhi kaɗai, inda fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, sai ta ɗauki ƙaf a matsayin fa. Transkribus, wadda ke Innsbruck a Austiriya, ta fi sauƙin sarrafawa, ana biya idan aikin ya yi yawa. Ita eScriptorium kyauta ce, injinta Kraken an tsara shi da la'akari da rubutun dama zuwa hagu, amma sai da wanda ya iya girka ta da kwamfuta mai ƙarfi.

Idan mai talla ya nuna maka sakamako mai kyau, tambaye shi a kan me aka gwada. Shahararren rumbun gwaji na IFN/ENIT sunayen garuruwan Tunisiya ne kawai, ba shafi mai wasula da sharhi a gefe ba. Ɗauko shafukanka goma, har da mafi dusashewa, ka ba kowace manhaja, ka ƙirga haruffa nawa ta ɓata a cikin kowane 100.