Wattpad da labaran 'yan sakandare masu asusun bogi

Wattpad manhaja ce ta karanta labarai da rubuta su. A Toronto ta ƙasar Kanada aka kafa ta a 2006, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye ta a 2021. Sauke ta kyauta ne, amma sai mai shekara 13 zuwa sama ake bari ya yi rajista. Abin da na fi bibiya a cikinta shi ne labaran 'yan sakandare, inda ake buɗe asusun bogi don a ci mutuncin wata 'yar aji.

Don samun na Hausa, sai ka bi alamomin da marubuta ke liƙa wa labaransu. Ka fara duba ko an kammala labarin, domin da yawa sai an kai tsakiya marubuciya ta ce a biya kuɗi a shiga rukuninta na WhatsApp. Akwai talla tsakanin babi da babi, kuma labari biyu kacal mai asusun kyauta ke iya ajiyewa ya karanta ba data. Mai zirga-zirga a bas tsakanin Samaru da Kongo a Zariya, sai ya zaɓi biyun tun daga gida.

Na Turanci yawancinsu makarantun Amurka ne, da bikin rawarsu na ƙarshen shekara, abin da 'yar SS2 a Tudun Wada ba ta da alaƙa da shi. Masu daɗin su ne waɗanda suka san yadda abin yake a nan. Wata ta sayi sabon layi, ta sa hoton wani saurayi, ta yi ta jan abokiyar takararta ta kujerar shugabar ɗalibai da hira, sannan ta ɗauki hoton hirar ta jefa a rukunin aji. Washegari habaici ya cika status: "Wata dai ta san kanta." Wayar kuma sau da yawa ta Mama ce, don haka kafin labari ya kai ofishin shugaban makaranta ya riga ya fashe a tsakar gida.

Inda marubutan suka fi kwafsawa shi ne wajen tonon asiri. Kullum sai an kawo wani yaya gwanin kwamfuta ya gano mai asusun cikin minti biyar. Ba haka ake yi ba. Tun Disamba 2020 aka umarci a haɗa layukan waya a Najeriya da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN), amma bayanin yana hannun kamfanin layi, ba ya fita sai ta hannun hukuma. Abin da ke tona mai bogi a zahiri ƙanana ne: kalmar da kullum take kuskuren rubutawa, zancen da mutum uku kaɗai suka sani, ko sunan da Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai lamba, ta nuna. Wani kuskuren kuma, jaruma ta goge saƙonnin cikin kuka, alhali su ne hujjarta. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi hukunci kan saƙon barazana, amma sai an ajiye hoton saƙon da lamba da kwanan wata.

Ana iya yin sharhi a kan kowane sakin layi, kuma nan ne daɗin manhajar, nan ne ma ciwonta. Ba a tantance sunan kowa, sai ka tarar ana zagin marubuciya a ƙarƙashin babin da ke tir da zagi. An cire saƙon sirri a 2024, akwai kuma toshe mutum da kai ƙararsa. Alamar labarin manya marubuci ne ke sawa da kansa, ba kowa ke sawa ba. Mai ba ƙanwarsa wayar ya rufe labaran manya a saiti, ya fara karanta babi uku da sharhin da ke ƙarƙashinsu.