Sharhi kan Rumbun Shari'o'in Sauyin Yanayi na Cibiyar Sabin

Duk malami ko ɗalibin jami'a da ya ɗauki fafutukar matasa kan sauyin yanayi a matsayin fagen bincikensa, ko ba jima ko ba daɗe zai buƙaci rumbun shari'o'in da Cibiyar Sabin ta Jami'ar Columbia da ke Amurka take kula da shi a intanet. Kyauta ake shiga, kuma ƙararrakin suna zuwa da taƙaitaccen bayani da Ingilishi, sau da yawa har da takardun da aka gabatar wa kotu.

Babban amfaninsa shi ne damar da yake ba mai nazari ya jera ƙararrakin matasa ya ga inda hanyoyinsu suka rabu. A 2015 matasa 21 suka kai gwamnatin tarayyar Amurka ƙara a shari'ar Juliana, amma a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ce abin da suke nema ya wuce hurumin alƙalai. A jihar Montana kuwa matasa 16 sun yi nasara a 2023, domin tsarin mulkin jihar ya ambaci haƙƙin samun tsaftataccen muhalli ƙarara. Kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke a 2021 cewa dokar yanayin ƙasar ta jibga wa masu tasowa nauyin rage hayaƙi bayan 2030, alhali kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta kori ƙarar matasa shida 'yan Fotugal a 2024, har da dalilin cewa ba su fara bi ta kotunan ƙasarsu ba. Wanda ya daure ya karanta hukunce-hukuncen da kansa, maimakon ya tsaya ga taƙaitawa, zai gane cewa ƙa'idojin shigar da ƙara sun fi hujjojin kimiyya yanke makomar yawancinsu.

Sai dai rumbun an gina shi ne domin masana shari'a, kuma ƙararrakin Amurka ne suka fi yawa a ciki. Yajin zuwa makaranta da matashiya mai fafutukar yanayi Greta Thunberg ta fara a gaban majalisar dokokin Sweden a 2018 ba shi da gurbi a nan, haka ma matasan ƙasashe matalauta da ba su da halin ɗaukar lauya, duk da cewa su ne fari da ambaliya suka fi cutarwa. Mai rubuta kundin digiri na uku ya dogara da shi a babin shari'a, amma babin da ya shafi yadda matasa suke tsara kansu sai ya fita ya yi hira da su.