Kocin da ke zuwa har gida a Garwa domin daidaita ɓarin jikin da ya fi wani ƙarfi

A Garwa ta ƙasar Kamaru akwai matasa masu horar da mutane motsa jiki a cikin gidajensu, ba ƙarfen ɗagawa, ba na'ura, sai nauyin jikin mutum da abin da ke tsakar gida. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake samu da sassafe a kewayen filin wasa na Roumdé Adjia, ya ware wani tsari na musamman domin mutanen da ɓarin jikinsu ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ko kauri, kuma wannan tsarin ne na biya na bi tsawon wasu watanni. Kuɗinsa sefa 15,000 ne a wata, hannu da hannu ko ta Orange Money, wato tura kuɗi ta waya. A kan wannan kuɗi yana zuwa gida sau ɗaya a mako bayan sallar asuba, sauran kwanakin kuma mutum ya ɗauki kansa bidiyo ya tura masa ta WhatsApp ya duba. A ganina, abin da ake saye a wurinsa ido ne mai lura, domin atisayen kansa duk wanda ke da waya zai iya samunsa kyauta.

Matsalar ba baƙuwa ba ce. Kusan mutum tara cikin goma ba-dame ne, kuma sana'a tana ƙara wa bambancin ƙarfi: magini da cokalin gininsa, kafinta da zartonsa, mai ɗaukar jarkar ruwa kullum da hannu guda, ɗan ƙwallon da ke tokarewa da ƙafa ɗaya yana bugawa da ɗayar. Ni tawa ta samo asali ne daga tsohon targaɗe a idon sawun hagu, wanda ya warke amma ya bar ni ina jingina nauyina a dama ban sani ba, har cinyar hagu ta rame, kafaɗar hagu ma ta bi sahu. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, atisayen da ake yi da hannu biyu ko ƙafa biyu lokaci guda, irin pomp (wato kifewa a dafa ƙasa da hannu ana sauka ana tashi) da tsuguna-tashi, ba ya gyara wannan, saboda ɓari mai ƙarfi yana karɓe aikin a ɓoye, mutum ya ƙirga hamsin yana murna alhali hannun dama ne ya yi mafi yawa.

Zuwansa na farko shi ne mafi amfani a duk tsarin, kuma shi kaɗai ya kusa biyan kuɗin watan. Ya auna kaurin damtse da cinya da sharaɓa na kowane ɓangare da tef irin na tela, ya rubuta a littafi, sannan ya ajiye wayarsa a bayana ya ɗauke ni ina pomp, ya nuna mini yadda kafaɗar dama ke riga ta hagu tashi, ƙugu kuma yana karkacewa. Bayan haka ya sa na yi kowane motsi da ƙafa ɗaya, ya ƙirga na hagu daban, na dama daban. Amma kafin duk wannan sai da ya yi mini tambayoyin da ban zaci jin su daga bakin mai horarwa ba: ko na taɓa yin shan inna ina yaro, ko an taɓa yi mini allura a ɗuwawu ƙafar ta mutu daga baya, ko ina jin kasala ko tsikari kamar tafiyar kiyashi a hannu ko ƙafa, ko kuwa ramewar ta zo ne farat ɗaya. Ya ce duk wanda ya amsa da e ba ya karɓar kuɗinsa sai ya je asibiti likita ya duba shi. Wannan daidai ne, domin tsokar da ta rame saboda jijiya ta lalace, ko saboda ƙashin baya ya karkace, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ba aikin tsakar gida ba ne, aikin likita ne da sashen gashin ƙashi. An ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020, amma manyan da cutar ta taɓa suna yara suna nan cikinmu, kuma wasunsu taɓawar ba ta yi tsanani ba har su san sunanta.

Ƙa'idarsa guda ce, kuma ba ya sassauta ta. Ɓari mai rauni ne ke fara kowane atisaye tun jiki bai gaji ba, sannan adadin da ya iya yi da kyau shi ne iyakar ɓari mai ƙarfi. Idan hagu ta yi takwas ta tsaya, dama ma takwas za ta yi ta tsaya, ko da tana iya sha biyar. Ga ƙafa, yana sa mutum ya ɗora bayan ƙafa ɗaya a kan benci ya tsuguna da ɗayar, ko ya hau dakali ya sauko a hankali yana ƙirga daƙiƙa uku, ko ya kwanta rigingine a tabarma ya ɗaga ƙugu da ƙafa guda. Ga ƙirji da kafaɗa, pomp ne wanda ake ɗora hannu mai ƙarfi a kan kifaffen turmi ko bulo daga gefe, ta yadda nauyin zai koma kan mai raunin. Ga gefen ciki, tokare jiki ne da gwiwar hannu a kwance ta gefe, ana duba agogo. Na taɓa ce masa, "Koci, dama fa ko gumi ba ta yi ba, bari in ƙara mata biyar." Sai ya ce, "A'a Yaya, dama ta ci rabonta tun shekaru, yanzu ta jira ƙanwarta ta iso."

Wani zai tambaya, me ya sa ba za a bar ɓari mai ƙarfin ya huta gaba ɗaya ba? Amsar da ya bayar ta yi daidai da abin da masana suka sani. Tsokar da aka daina amfani da ita raguwa take yi, kuma ba a neman daidaito ta hanyar raunana mai lafiya. Ban da haka, tun a shekarar 1894 masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka suka lura cewa horar da hannu ɗaya yana ƙara wa ɗayan ƙarfi ko da ba a motsa shi ba, saboda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke fara koyon aikin kafin tsoka. Wannan ne ma dalilin da ya sa ƙarfi ke riga kauri zuwa. A makonnin farko adadin da hagu ke yi ya riƙa hawa, amma tef bai nuna komai ba, sai da aka shiga wata na uku awon cinyar ya fara motsi. Yau ƙafafun sun kusa zama ɗaya a ƙirge, a ido kuwa da saura. A tsarinsa ana atisaye kwana uku a mako tare da hutun kwana guda a tsakani, wanda ya zarce mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020, wato ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako ga baligi. Zaɓen lokacin asuba ma hikima ce ga duk wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke haura maki 40.

Sai dai akwai inda ban gamsu ba. Tallar da yake sawa a WhatsApp tana alƙawarin jiki zai daidaita cikin kwana 30, alhali shi da kansa, idan aka zauna da shi, ya san ba haka ba ne. Siffar tsoka da wurin da take manne da ƙashi gado ne, don haka wanda ƙirjinsa na hagu ya bambanta da na dama a fasali, ba a kauri ba, babu atisayen da zai sauya masa shi, kuma ya kamata a faɗa wa mutum haka kafin ya biya. Ɓangaren gadon baya ma ya yi rauni a tsarin, saboda ba a jan jiki sai da abin kamawa. Dabarar da ya kawo ta ɗaura zane a ƙyauren ɗaki ba ta kwanta mini ba, ganin yadda ƙyauren ke girgiza, sai da na sa mai walda ya kafa mini ƙarfe a tsakar gida da kuɗina. Duba bidiyon kuma ba shi da tabbas, wani lokaci amsa ta zo a ranar, wani lokaci sai an yi atisaye na gaba da kuskuren da aka tura domin a gyara.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne nacin da ya yi a kan in sayi garin gina tsoka da yake sayarwa, wanda kuɗin gwangwaninsa ya fi na horon wata. Gaskiya ne tsoka tana buƙatar sinadarin gina jiki, kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana ga mai horo, wato wajen giram 110 ga mai kilo 70. Amma a garin da kifin tafkin Lagdo ke shigowa kasuwa, ga wake, ga ƙuli-ƙuli, ga kindirmo, ga ƙwai da kowane ɗaya ke ba da wajen giram 6, ban ga dalilin wannan ɗawainiya ba. Kuma gari ba ya zaɓen hagu ya bar dama. Da na ƙi, bai sake tayar da maganar ba, wannan kam na yaba masa.

Ba shi da abokiyar aiki mace, saboda haka matan aure da yawa, waɗanda goyo da saɓa yaro a ƙugu ɗaya ke karkata musu jiki, ba za su amfana ba sai dai ta bidiyo, idan gidan ya amince. Ga namijin da ke da lafiya, wata biyu na cikakken tsari sun isa ya koyi ƙa'idar ya kuma gane karkacewar jikinsa da kansa. Daga nan na nemi mu koma biyan kowane zuwa daban, sau ɗaya a wata, domin awo da ɗaukar bidiyo daga baya kawai, kuma ya amince a kan sefa 3,000, ban da kuɗin man babur.