Gindin bindiga ya yi tsawo: a yanke katakon ko a sauya roba?

Tun da na rage gindin bindigata, maharba daga unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi suke tare ni da tambaya guda: zarto ko roba?

Awon da ake magana shi ne daga kunama zuwa ƙarshen gindi. Yawancin bindigogin farauta suna zuwa da inci 13 da rabi zuwa 14 da rabi, an yi su ne domin masu matsakaicin tsawo da dogaye. Gajere in ya ɗaga, gindin ya maƙale a hammatar riga, kafin ya saita gyazbi ya shige ciyawa.

Sauya robar da ke ƙarshen gindin, wadda ke zama a kafaɗa, abu ne mai araha: sukurori biyu ka kwance, ka ɗaura siririya, ka samu ragin rabin inci ko fiye kaɗan. In ba ta yi maka ba, ka mayar da tsohuwar. Sai dai siririyar roba ba ta shanye shurin bindiga kamar mai kauri, kafaɗarka za ta gaya maka.

Zarto kuwa ba ya gyara kuskurensa. Yana ba ka inci ɗaya ko biyu, ka kuma ci gaba da amfani da roba mai kauri, amma sai an goge ta daidai da sabon bakin. Kafintan da na fara kai wa bai naɗe katakon da tef ba, gefen ya tsage. Ragi in ya yi yawa, babban yatsanka ne zai daki hancinka lokacin harbi. Ranar sayarwa ma farashi ya faɗi.

Mai neman ɗan ragi, ko mai karɓa-karɓa da ɗan'uwa dogo, roba ta ishe shi. Gajeren da ba shi da niyyar rabuwa da bindigarsa, ya nemi gwani ya yanke, kaɗan-kaɗan yana gwadawa.