Tsamiya ko ruwan tsamin gasara: wanne za a sa wa kunu?

Duka biyun suna kawo tsami, amma ba iri ɗaya ba. Na tsamiya kaifi gare shi, yana kama gefen harshe nan take. Na ruwan gasara kuwa sanyi-sanyi yake shiga, da ɗan ƙamshin gero da ya kwana.

Tsamiya ta fi sauƙin sarrafawa. A jiƙa cikin hannu ɗaya a ruwan ɗumi kofi biyu na kamar minti 30, a murje, a tace da rariya, a zuba kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. Tsohuwa wadda ta yi baƙi tana rina kunu, gara sabuwa mai ja-ja. Kada a bar jiƙon ya kwana a tukunyar alminiyum, tsamin yana cin ƙarfen, kunu ya ɗauki ɗanɗanonsa.

Ruwan gasara shi ne mai wuyar sha'ani, don yanayi ke juya shi. Da hunturu sai ƙullu ya yi kwana 2 bai yi tsami ba. A zafin Sakkwato na Afrilu kwana 1 ya isa, har ya so ya wuce. In ya fara kumfa mai yauƙi, warinsa na bugun hanci kamar khal, ya lalace. Sukari ba zai gyara shi ba, a zubar kawai.

Kunun buɗa-baki dai tsamiya ta fi dacewa da shi, musamman in da citta da kanumfari. Koko kuma ruwansa na asali, wato ruwan tsamin gasara, ya fi masa.