Keken Burji na Gwanjo a Hanyoyin Zazzau: Taya Ce Ke Yanke Hukunci

Cikin kekunan gwanjo da ake gani jefi-jefi wajen 'yan kasuwar Sabon Gari akwai wani iri mai rikita mai saye. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, irin na keken tsere, amma tayarsa da kauri, birkinsa kuma na faranti. Masu shigo da shi girabul suke ce masa. Mu keken burji muke kiransa, tunda don hanyar burji da tsakuwa aka ƙera shi. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne wanda ya fi yawa a gwanjo: firam na alminiyon, giya ta kamfanin Shimano samfurin Claris ko Sora, faranti 2 a gaba, layin haƙora 8 ko 9 a baya, birkin faranti mai jan waya, da taya mai lamba 700 × 38 ko 40.

Hukuncin a taƙaice shi ne, ga wanda tafiyarsa ke haɗa kwalta da burji, misali daga Samaru ya bi ta Bomo ya ratsa gonaki ya ɓulla wajen Shika, babu keken da ya fi shi dacewa. A kwalta ba ya jan ƙafa kamar keken dutse mai faffaɗar taya, a burji kuma ba ya tsalle-tsalle kamar na tsere. Amma ba keken dako ba ne. Wanda zai ɗora buhun masara ko jarkokin ruwa ya koma wa Phoenix ɗinsa.

Sai an san ƙasar kafin a auna keken. Zariya ba garin tsaunuka ba ne, tudu ne shimfiɗaɗɗe mai tsayin sama da mita 600 daga teku, da manyan duwatsu da suka tsaya su kaɗai irin su Kufena. Abin da keke ke fama da shi a nan kala uku ne. Zagayen gindin Kufena daga ɓangaren Wusasa akwai marmara mai tauri da 'yar tsakuwa mai zamewa, sai yashin da ruwa ya wanko ya tara a kwari. Wajen Dakace da fadamun Galma laka ce, da rani ta bushe ta yi kururrumai da sawun shanu, da damina ta kama taya kamar danƙo. Na ukun kuwa yana ko'ina: ƙaya. Hawa mai tsawo a cikin duhuwar itatuwa sai an gangara kudu, wajen Kajuru da Kagoro, ko an hau tudun Jos. Dazuzzukan da ke tsakanin Giwa da Birnin Gwari kuwa, halin tsaro bai bar su wurin yawon keke ba, kada kyawun hanya a taswira ya ruɗi kowa.

To, taya. Nan ne keken ke cin jarrabawa ko ya faɗi.

Abu na farko, lambar 700 na nufin gargare mai faɗin milimita 622. Tayar keken gargajiya mai inci 28 milimita 635 ce, ta keken dutse mai inci 26 kuma 559. Duk biyun ba sa hawa gargaren keken burji, ko da mai shago ya rantse cewa ɗaya ne. A duba gefen taya, akwai lamba kamar 40-622, ita ce abin dogaro. Tub ma haka: yawancin waɗannan kekunan bawul ɗinsu siriri ne, wanda ake kira Presta, mai 'yar kusa a kai da ake warwarewa kafin a sa iska. Bakin injin mai faci ba ya kama shi. Akwai ɗan ƙarfe mai zare da ake murɗawa a kai ya mayar da shi irin na babur, bai fi kan biro girma ba. A sayi biyu, domin ɓacewa yake yi. Masu faɗaɗa ramin gargare da dirili don su sa tub mai bawul ɗin babur suna raunana siririn gargare ne kawai.

Na biyu, iska. Mai faci ya saba da babur da keken dako, sai taya ta yi tauri kamar dutse yake ganin ya yi aiki. Ga mai nauyin kilo 70 a kan taya mai kaurin milimita 40, abin da ake so wajen psi 45 ne (psi ma'aunin ƙarfin iska ne) idan da tub a ciki, na gaba kuma ya gaza na baya da kamar 3. Ka faɗa masa tun kafin ya jona: "Maigida, kada ta wuce 45." Idan aka cika ta zuwa 70, a kan tsakuwar Kufena keken zai riƙa dira, tayar baya na sakin ƙasa a hawa, hannuwa kuma su mutu kafin awa guda. Idan kuma ta yi laushi ƙasa da 35 da tub a ciki, duk dutsen da aka daka sai gargare ya matse tub ɗin ya yi masa huji biyu a jere kamar saran maciji. Wanda ya ga irin wannan hujin ya daina neman ƙaya a cikin taya, ƙarancin iska ne.

Ƙayar kanta kala-kala ce. Tsidau na gefen hanya ya fi kowa ɓarna, domin yadda duk ya faɗi akwai tsinin da ke kallon sama, kuma guntu ne, yakan karye ya zauna cikin roba yana huda sabon tub bayan kowane faci. Ƙayar bagaruwa da ta aduwa dogaye ne, su kan gansu ake yi. Bayan girbi, lokacin da aka janye shingen ƙaya daga gonaki aka watsar a bakin hanya, mutum na iya yin faci uku a tafiya ɗaya. Maganin da ke aiki shi ne a cire tub gaba ɗaya a zuba ruwan liƙi, wato ruwan roba mai toshe huji, a cikin tayar. Sharaɗinsa, gargaren da tayar duka su kasance masu rubutun TLR ko makamancinsa, alamar an yi su don zama ba tub. A wanke cikin gargare ya bushe, a naɗa tef na musamman zagaye 2 ya rufe ramukan sifok, a huda a sa bawul, a shafa ruwan sabulu a leɓen taya, a buga iska da injin mai faci har a ji ta yi ƙas-ƙas ta zauna, ba tare da an haura psi 60 ba. Sannan a zare zuciyar bawul a ɗura mililita 60 na ruwan liƙi, a mayar, a sake sa iska, a girgiza wilin a jujjuya shi. Daga nan ana iya sauka zuwa psi 35 ko 38, riƙon ƙasa ya ƙaru sosai, hujin tsidau kuma yana toshewa keken na tafiya.

Aibinsa shi ne zafinmu. A watannin Maris da Afrilu ruwan liƙin na iya daskarewa cikin wata 2, ya zama ƙwallon roba yana kwaramniya a cikin taya. Sai an riƙa ƙari, kuma ba kowane shago ke da shi ba, sau da yawa sai an yi aike Kano ko Kaduna. Yawancin kekunan gwanjo masu Claris gargarensu ma ba na wannan tsarin ba ne. Wanda nasa ya zama haka, ya nemi tub mai bawul da zuciyarsa ke fita ya ɗura ruwan a cikin tub ɗin. Bai kai wancan ba, amma yana rage wahala da yawa.

Kafin a biya kuɗi a zura yatsa tsakanin taya da firam a bayan feda. Idan ratar ba ta kai milimita 6 kowane gefe ba, lakar fadama a watan Agusta za ta cushe wurin, ta tsayar da wili, tsakuwar da ke cikinta kuma ta riƙa cin alminiyon. Wasu kekunan da ake sayarwa da sunan girabul na kwalta ne aka cusa wa taya 32, wannan gwajin ne ke tona su.

Giyar da ke zuwa a kansa ta wadatar a kewayen Zariya. Farantan gaba masu haƙora 50 da 34 ne, na baya yawanci daga mai 11 zuwa mai 32, wato a giya mafi sauƙi juyin feda ɗaya yana kai mutum kamar mita 2.3, alhali keken gargajiya kusan mita 5 yake ci. Mai niyyar Kagoro ya canza na baya zuwa mai 34 idan hannun giyarsa dogo ne. Jerin GRX da Shimano ta fitar a 2019 don irin wannan keken yana da faranti 46 da 30, ya fi daɗin hawa, sai dai kayan gyaransa sun fi tsada da wuyar samu. A Zariya sarƙar haƙora 8 ta fi kowace sauƙin samu, wannan kaɗai ya isa a fifita Claris.

Birkin waya ya fi na mai dacewa da mu, duk da na mai ya fi kamu. Waya kowane mai gyaran keke zai canza ta. Na mai kuwa, haɗarinsa mai gyaran da bai san shi ba: birkin Shimano man ma'adinai yake sha, idan aka zuba masa man birkin mota robobin ciki kumbura suke yi, sai dai a sayi sabo. A kula da takalmin birki, idan abin da ya rage bai kai milimita 1 ba a canza, kuma kada mai ko giris ya taɓa faranti. Birkin da ke kuka bayan an kai keke wanki, galibi man da aka fesa wa sarƙa ne ya fantsamu a kai.

Sarƙa ita ce hunturu ke kashewa. Baƙin mai da aka saba zuba wa keken dako, a nan guba ne: yana haɗuwa da jar ƙura ya zama kamar maganin goge ƙarfe, ya cinye sarƙa da haƙora tare. Bayan kowace doguwar tafiya a goge ta da tsumma, a ɗiga mai mara kauri digo ɗaya a kowace gaɓa, a sake gogewa har a ga kamar babu mai. Awonta da ma'aunin tela ma yana yiwuwa: daga wata kusa zuwa kusa ta 24 bayanta sabuwar sarƙa inci 12 ce cif. Idan ta ƙaru da kusan milimita 2, a canza ta kafin ta tafi da haƙoran baya.

Akwai wani ɗan ƙarfe da hannun giyar baya ke rataye a jikinsa, an yi shi da gangan ya lanƙwashe ko ya karye idan keke ya faɗi, don firam ya tsira. Kowane firam da irin nasa, kuma shi ne abin da ya fi wuyar samu a garin nan. Kekunan gwanjo da yawa a lanƙwashe yake zuwa saboda matsin kwantena. A tsaya bayan keken a duba: ƙananan faifai biyu na hannun giyar su sauko a miƙe ƙarƙashin haƙoran. Idan sun karkata ciki, ranar da aka sa giya mafi sauƙi a hawa hannun zai shiga sifok. A duba kuma wuraren walda a wuyan keke da ƙarƙashin feda da tocilan, ko da rana ne. Siririn layi baƙi a alminiyon tsagewa ce, kuma mai waldan ƙofa ba ya iya ɗinke ta. Fok ɗin gaba idan na kabon ne, duk ƙwarzanen da farce ke maƙalewa a ciki ya isa a fasa cinikin, komai ragin da aka yi.